Hannun da Ya Ce wa Mama Idella Ta Taho

Capitol Heights, Maryland
Laraba, 23 ga Satumba

Zuwa ga 'yata Lavonne,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Sajan Darius da jikata Imani. Yaya Jamus, yaya aikin asibitin sojoji? Allah ya ƙara miki ƙarfi, ya sa hannunki ya zama waraka ga duk wanda kika taɓa, ya tsare fitarku da shigarku, ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar mamanki ta yi sauƙi tun da likita ya ce ta rage hawan bene, ita kuma ta fahimci maganar da cewa ni ne zan riƙa hawa. Yayanki Alonzo ya sami ƙarin girma a wurin aiki, yanzu kwat yake sawa, har gaisuwarsa ta canza. Gwaggonki Vernell tana nan da bakinta, kuma saboda bakin nan nata ne nake gaggawar rubuto miki, don gara ki ji daga gare ni.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna. Rabona da wasiƙa tun ina neman auren mamanki, ita ma ta ce tausayin rubutun ne ya sa ta amsa. Mutumin da ya bar makaranta a aji tara ba ya neman biro da faɗa. Amma na san halina, in na kira ki a waya zan fara ba'a, ki yi dariya, in yi dariya, mu yi sallama ban faɗi komai ba. Takarda ba ta dariya, shi ya sa na zaɓe ta. Ki zauna tukuna, ubanki ya yi ɓarna.

Kin san aikina na ranar Lahadi. Shekara ashirin da biyu ke nan nake tsayawa a tsakiyar titin cocinmu a Washington da farar safar hannu, tun lokacin da hukumar birni ta yarda mu riƙa jera motoci a karkace, hanci ga coci, baya ga titi. Mai fita dole ya ja da baya, kuma ba ya ganin komai sai motar maƙwabcinsa. Don haka mutanenmu sun daina duba madubi tuntuni, hannuna suke dubawa. In na ɗaga tafi, a tsaya. In yatsu suka yi kira, a taho. Har alfahari nake yi da wannan, ina cewa shugaban ƙasa ma bai sami biyayyar da safar hannuna ta samu ba. To, ranar Lahadi ta biyu ga Agusta, ranar bikin cikar cocin shekara ɗari da tara, zumuntar mata ta soya kifi. An tashi daga sujada, ina tsakiyar titi, sai ga 'Yar'uwa Pearlie da faranti, kifi biyu da burodin masara, tururi na tashi. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala. Na karɓa da hagu, na juya kaina wajenta ina gaya mata cewa wannan kifin zai ta da Li'azaru ba sai an kira shi ba. Hannuna na dama kuwa, da ya saba aikinsa, ya yi wa Mama Idella, tsohuwar malamarku ta makarantar Lahadi da ke jira a motarta, kira. Ban duba titi ba, Lavonne. Ni da na tuƙa bas shekara talatin da ɗaya ban taɓa goge ko kwandon shara ba, ban duba ba. Ta taho da baya kamar yadda ta saba, sai na ji ƙara. Wani mutum ne a kan keke. Da na waiga yana kwance a kwalta, tayar gaban keken ta naɗe, hannunsa ya karye wuri biyu. Abin da ya fi ba ni kunya har yau, farantin nan bai faɗi daga hannuna ba.

'Yan sanda suka zo. Suka tambayi Mama Idella ko ta duba bayanta, ta ce ba ta duba ba, gaskiya ne. Suka tambaye ni me na gani, na ce ƙara kawai na ji, wannan ma gaskiya ne. Gaskiya biyu suka haɗu suka haifi ƙarya. Tsohuwar ta kalle ni ta saman tabarau, irin kallon da take yi muku a makarantar Lahadi in kun ɓoye cingam a kumatu, ba ta ce komai ba. Aka rubuta mata takardar tara. Da yamma ɗanta Cornelius ya taho daga Baltimore ya karɓe makullin motar, ya ce mai shekara tamanin da huɗu ta gama tuƙi. Lahadi shida ke nan wurin zamanta a benci na biyu babu kowa. An yi tayin a riƙa ɗauko ta, ta ce ita ba buhun wanki ba ce. Fasto ya sa muka yi mata addu'a a gaban jama'a, Allah ya ba ta haƙurin karɓar tsufa. Na ce amin da ƙarfi, har na fi kowa.

Za ki ce, Baba, me ya hana ka magana? Da farko tsoro ne tsagwaronsa, ba zan yi masa kwalliya ba. Daga baya kuma tsoron ya sami rigar da zai sa. Tun bazara hukumar birni ta aiko da takarda cewa za ta yi hanyar kekuna a titinmu, da shinge, daga sama har ƙasa. In aka yi ta, jerin motocin Lahadi ya ƙare, wurin mota kusan sittin ke nan. Kin kuwa san a cikin mutum goma na ikilisiyarmu, takwas a Maryland muke kwana yanzu. Unguwar ba wadda kika sani ba ce. Shagon askin Tsoho Hollis wanka ake yi wa karnuka a ciki, kuma an ce kare ya fi mu biya. Gidanmu da na sayar shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ina ta murna na yi wayo, an shafa masa fenti ruwan toka, kuɗinsa ya ninka uku. Duk Lahadi in zan wuce ta ƙofarsa sai in ga madubina yana bukatar gyara. Coci biyu a unguwar sun riga sun sayar sun tashi, an mai da su gidajen haya. A inda aka yi wa kakarki baftisma, wasu na dafa taliya yau.

Fasto Whitlock ya yi wa'azi uku a jere a kan maganar. Ya ce da haraji da tsadar haya aka raba mu da gidaje, aka bi da shaguna, yanzu titi ake so, kuma wanda ya hana tsohuwa wurin tsayawa ya hana ta sujada ko da bai taɓa ƙofar coci ba. 'Yar'uwa Yolanda Pickett, lauyarmu, ta rubuta wa hukuma shafi bakwai cewa wannan tauye 'yancin addini ne, tsarin mulkin ƙasa bai yarda ba. Ni dai ban san tsarin mulki ya yi maganar wurin ajiye mota ba, amma wane ni, aji tara. Sai dai kada ki ɗauka ba'a nake yi da zafin da mutane ke ji. Ni ma ina jin sa. Cocin nan shi kaɗai ya rage mana a unguwar da aka haife mu, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da aka sa ranar taron jin ra'ayin jama'a, Fasto ya kira ni a matsayina na dikin, wato dattijon ikilisiya, ya ce, Dikin Pettiford, kai ne bakinmu. Ya ce hukuma tana cewa titin yana da haɗari, to wa ya fi ni cancantar ƙaryata su, tsohon direban bas, shekara ashirin da biyu a tsakiyar titi, ga kuma bakin da ke sa mutane dariya ko a gidan makoki. Na ce, ranka ya daɗe, abin da ya faru a Agusta fa? Ya ce wannan abin baƙin ciki ne, amma tsufa ne, ba tsarinmu ba ne. A nan ya kamata in buɗe baki. Na buɗe kuwa, na ce to.

Alhamis ɗin da ta wuce aka yi taron, ƙarfe shida na yamma, a zauren wata makaranta. Mun je mu kusan ɗari uku, mata da hulunan coci, maza da kwat, kamar za a binne babban mutum. Masu keke ba su fi arba'in ba, sun taru gefe guda, kowa ya ɗora hular kwanonsa a cinya. 'Yan sanda biyu a bakin ƙofa. Wata ma'aikaciyar hukuma ta tashi da taswira, ba ta kai shafi na uku ba hayaniya ta rufe ta. Wani Bature mai gemu ya karɓi abin magana ya ce bai ga dalilin da mutanen da ba sa kwana a unguwar za su yanke wa mazauna hukunci ba. Lavonne, na zaci rufin zauren zai tashi. 'Yar'uwa Pearlie ta miƙe ba tare da an ba ta izini ba, ta ce masa, ɗan nan, daga titin nan aka ɗauki gawar kakata a lokacin da kakanka ba ya iya ratsa shi da rana tsaka, yaushe ka zo har ka san mazauna? Wata mata daga ɓangarensu ta fara karanta sunayen waɗanda mota ta buge a titin cikin shekara uku, sai wani daga bayanmu ya ɗauko waƙar yabo, zauren duka ya amsa. Bakinta na motsi, ba a jin ta. Na rera tare da su, amma ban ji daɗin waƙar ba.

Sai aka kira sunana. Kin san ubanki in ya ga taro. Na ce ni ba ni da faɗa da masu keke, mutumin da ya yarda ya fito bainar jama'a da wandon da ya matse shi kamar fatar tsiran alade ya riga ya sha isasshen hukunci. Aka yi dariya, har wasu daga cikinsu. Na ce Ubangijinmu ma da ya shiga Urushalima a kan jaki, ai jakin sai da aka samo shi a ɗaure a wani wuri, ke nan tun zamanin Littafi ana bukatar wurin ajiye abin hawa. Zaure ya ɗauki tafi, ana ta faɗi, Dikin, faɗi! Daɗin tafin ya hau mini kai. Na ɗaga hannun daman nan sama na ce, shekara ashirin da biyu, babu ɗan adam ɗaya da ya taɓa jin rauni a ƙarƙashin wannan hannu. Mutane suka miƙe tsaye. Fasto ya rungume ni.

Da aka zo kan mai magana na biyu bayana, sai ga wani ya taso daga can baya, ba daga cikin masu hular kwano ba. Baƙi ne kamar ni da ke, zai yi shekara hamsin da biyar, hannunsa na hagu cikin filasta. Ban gane fuskarsa ba, filastar na gane. Ya ce sunansa Rufus Gaskins, layi uku daga cocinmu aka haife shi, kuma har yau a nan yake kwana, sai dai haya ta yi ta turo shi ƙasa har ya koma ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ya ce a ɗakin wankin wani asibiti yake aiki, bai taɓa mallakar mota ba, keke a wurinsa ba motsa jiki ba ne, ƙafarsa ce. Wani daga cikinmu ya yi ihu, an saye ka! Ya juya ya ce, ɗan'uwa, da an saye ni ai da ka gan ni da kuɗin tasi. Babu wanda ya yi dariya. Ya ce mako shida ke nan bai je aiki ba. Sannan ya ce tsohuwar da motarta ta buge shi ta aiko masa da miya sau uku da takardar ban haƙuri, yana roƙon a daina cewa laifinta ne. Yana faɗin haka idonsa na kaina. Ƙararrawar cikar minti biyun da ake ba kowane mai magana ta kaɗa, ya koma ya zauna. Ni kaɗai a zauren na san abin da ya bari bai faɗa ba.

A matakalar waje ya same ni, mutane na ta wucewa suna dafa kafaɗata. Ya jira suka rage, ya ce, Dikin, ka iya ba da dariya. Na fara neman abin faɗi, ya ce ba sai na wahala ba, ya ga hannuna ranar, ya kuma ga ƙeyata. Na tambaye shi me ya hana shi gaya wa 'yan sanda. Ya ce uwarsa mai shara ce a coci har ta mutu, ba ta rene shi ya nuna dattijon ikilisiya da yatsa a gaban 'yan sanda ba. Ya ce shi ya zaci da kaina zan faɗa, har zuwa yau da ya ji jawabina. Ya sauka ya tafi da ƙafa. Tun da nake ba a taɓa marina ba tare da an taɓa ni ba sai ranar.

Ranar Asabar na je wurin Mama Idella. Tun daga nesa na hango motarta a ƙofar gida da takardar sayarwa a gilashi. Na same ta a baranda tana gyaran wake, ta ce, Lemuel, ka rame, ko kifin bai karɓe ka ba? Na durƙusa, da gwiwoyin nan nawa, na ce Mama, ni na kira ki. Ta ce ai ta sani, tsufa ya ci ƙafarta ne, bai ci idonta ba. Na ce me ya sa kika yi shiru? Ta ce shekara ashirin da biyu tana bin hannuna lafiya, don ya ɓatar da ita rana ɗaya sai ta miƙa shi ga hukuma, ga kuma coci a cikin yaƙi? Ta ce in tashi kada maƙwabta su zaci aurenta nake nema. Daga nan ta gaya mini, kamar mai ba da labarin wani, cewa Cornelius ya sama mata ɗaki a gidan tsofaffi kusa da shi, ƙarshen watan nan zai zo ya kwashe ta. Ta ce yaron bai yi laifi ba, wadda ba ta iya kai kanta kasuwa ko coci ba ta da hujjar zama ita kaɗai. Shekara hamsin da ɗaya tana gidan nan. Ba ta roƙe ni komai ba, Lavonne. Har waken ta zuba mini in kai wa mamanki. Da ta zage ni da na sami sauƙi.

Da na dawo na gaya wa mamanki duka. Ta kalle ni ta ce, Lemuel, shekara arba'in da ɗaya ina dariyar shirmenka, wannan bai ba ni dariya ba. Ba ta ƙara magana ba har Litinin da safe, da ta ajiye waya kusa da kofin shayina, lambar Cornelius a rubuce a bayan ambulan. Na kira shi. Na faɗi abin da ya faru ba gishiri, wanda kin san ba ƙaramin aiki ba ne a wurina. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, Dikin, ka san na yi wa uwata tsawa a kan wannan abu, karo na farko a rayuwata? Ya ce shi ba zai karɓi magana ta waya ba, don ya san mutanen coci, za su iya shirya labari saboda tausayin tsohuwa. A gaban mutum ɗari uku aka yi wa uwarsa addu'ar haƙurin tsufa, to in gaskiya nake faɗa in faɗe ta a wurin, yana zaune yana ji. Ranar zai cire takarda daga jikin mota ya mayar mata da makulli, maganar gidan tsofaffi kuma ta mutu. In ban faɗa ba, motar ɗaukar kaya tana nan zuwa ranar talatin ga wata.

Jiya na je ofishin Fasto. Na so ya yi faɗa, bai yi ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Ya ce an riga an buga jawabina na taro an aika wa hukuma da sunana a ƙasa, shi ne ginshiƙin hujjarmu, kuma sai Nuwamba za su yanke shawara. Ya ce in na tashi a coci na yi magana, kafin a gama addu'ar rufewa wani ya ɗauka da waya, kafin Litinin ɗaya ɓangaren sun samu, za su ce ga dikin ɗinsu da bakinsa ya ce tsarinsu ya karya hannun mutum. Ya ce ba ya ce in yi ƙarya ba, jira ya ce in yi, mako shida kacal. Na ce ranka ya daɗe, Mama Idella mako ɗaya gare ta. Ya ce zai yi magana da Cornelius. Ya kira a gabana sau biyu, ba a ɗauka ba. Sai ya ce, Dikin, akwai tsofaffi arba'in irinta a ikilisiyar nan, in wurin mota ya tafi duka za su zauna a gida, shekara biyar ba za a yi ba sai mun sayar da ginin, ka ɗora wannan a ma'auni. Idonsa ya yi ja. Kada ki ɗauke shi mugu, ubansa ne ya ɗora rufin cocin nan, kuma wataƙila lissafinsa daidai ne. Da zan fita ya ce ba zai ba ni abin magana a lokacin sanarwa ba, kada in nema.

Ba zan nema ba. Amma kin san abin da ke zuwa bayan wa'azi, lokacin da mawaƙa suka sassauta murya, Fasto ya sauko ya buɗe hannuwa ya ce ƙofar coci a buɗe take, duk mai nauyi a zuciya ya taho. Tun da aka kafa cocin nan ba a taɓa mai da wanda ya taso a wannan lokaci ba, ko mashayi ne, ko wanda ya fito daga kurkuku jiya. Dole a karɓe shi a tambaye shi me ke tafe da shi, a gaban kowa. Shekara da shekaru ina tsaye a gaba ina tarbar masu tahowa, ina riƙe musu hannu. Ranar Lahadin nan ni zan taho. Na ƙirga, daga inda nake zama zuwa gaba taku goma sha tara ne, kuma tun jiya ƙafafuna suka fara kawo uzuri.

Ban san me zai biyo baya ba. Har yanzu ba na son hanyar keken nan, in gaya miki gaskiya, ina son in ga hulunan tsofaffinmu suna fitowa daga motocinsu har ranar da za a fitar da ni a akwati. Amma na kasa daina tunanin cewa da akwai shingen nan, da Rufus yana wurin aikinsa yau, ko da dikin ya ci kifi goma. In hukuma ta yanke ba yadda muke so ba, ba za a ce taswira ce ta ci mu ba, za a ce Lemuel Pettiford ne, kuma mutanen da za su faɗa su ne waɗanda suka riƙe ki ranar baftismarki. Mamanki ta ce za ta zauna kusa da ni, kuma in na ga dama in gwada fara ba'a a gaban bagade in gani. Bayan Lahadi akwai takardar da zan rubuta wa hukuma in janye maganata, akwai kuma ƙofar ɗakin ƙarƙashin ƙasa da zan ƙwanƙwasa, ban ma san me zan ce wa mai ɗakin ba. Amma Lahadin ce gaba.

Na san wasiƙar nan ba za ta iso ki kafin ranar ba, don haka Alonzo zai ɗauki hotonta ya turo miki yau, na sa shi ya yi alkawarin ba zai karanta ba, na kuma san zai karanta. Abu biyu nake roƙo. Ranar Lahadi da misalin sha biyu da rabi namu, shida da rabi na yamma ke nan a wurinku, ki tsaya ki yi wa ubanki addu'a, ba ta samun sauƙi ba, ta dai ƙafafunsa su kai shi gaba. Na biyu, ki kira Mama Idella. Tana tambayarki, ta ce ke kaɗai ce a ajinta kika haddace Zabura ta ashirin da uku ba tare da an yi miki alkawarin alewa ba.

Ki gaida Darius da kyau, ki ce masa surukinsa ya daina yi masa wa'azi a kan tuƙi har sai abin da hali ya yi. Ki sumbaci Imani, ki ce Kaka yana nan da labarin zomo da bai ƙarasa mata ba. Ki gaida surukarki Mama Loretta in kun yi waya, da maƙwabciyarki Birgit da ta kula da ke lokacin jego. Mamanki tana gaishe ku, ta ce ki riƙa sa wa yarinyar hula. Alonzo da matarsa Renita da yara suna gaisuwa. Gwaggonki Vernell ma tana gaisuwa, in ta kira ki ranar Litinin ki rage rabin abin da za ta faɗa, sauran rabin gaskiya ne. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

Ni ne mahaifinki mai ƙaunarki,
wanda har zuwa ranar Lahadi dikin ne,
Lemuel Pettiford